Tawadar Nana a Fadar Sarkin Musulmi

A shekarar 1822 Sakkwato ba ta wuce shekara 13 da kafuwa ba, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kuma shekararsa 5 ke nan a kabari. Sai ga labari cewa Gobirawa da Abzinawa sun haɗa runduna sun doso. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi shirin fita ya tare su. A irin wannan rana abin da aka saba gani a hannun sarki shi ne linzami da takobi, amma Bello ya samu sarari ya ɗauki alƙalami. Ya tsara waƙa, baiti 14, ya sa kowane baiti ya fara da harafi ɗaya daga cikin haruffan ayar nan ta Suratul Inshirahi mai bushara da sauƙi a tare da tsanani. Wanda ya bi farkon baitocin daga sama zuwa ƙasa, ayar zai karanta. Takardar ba wurin wani malamin fada aka kai ta ba. Cikin gidan Waziri Giɗaɗo aka shiga da ita, wurin ƙanwarsa Nana Asma'u.

Ita kuma ta mayar masa da biki. Ta tsara tata, baiti 14, a kan haruffan nan dai, tana roƙon Allah ya ba jama'a nasara. Tana 'yar shekara 29 a lokacin. Duk wanda ya taɓa gwada tsara baiti ya san wahalar ɗaure kai da awo da amsa-amo, balle a ce harafin farko ma an riga an zaɓa maka shi, ga kuma dawakin abokan gaba a bayan gari. Waƙarta tana nan har yau.

Daga nan ya kamata a ɗauko tarihin matan da suka rubuta wa sarakuna takardu a ƙasar Hausa, domin a gidan Shehu ne abin ya fi fitowa fili, da sunaye da shekaru.

An haifi Asma'u a Ɗegel a 1793. Tagwaye ne ita da Hassan, amma maimakon Hussaina da al'ada ta tanada, Shehu ya raɗa mata sunan 'yar Sayyidina Abubakar. Gida ne da mace riƙe da allo ba abin kallo ba ce. Tun a shekarun 1780, lokacin da Shehu yake yawon wa'azi, wani malami mai suna Mustafa Gwani ya aiko masa da waƙa yana kushe yadda mata ke halartar majalisinsa. Shehu ya sa ƙanensa Abdullahi ya ba da amsa da waƙa, kuma jigon amsar shi ne barin mata cikin jahilci ya fi wancan muni. A Nurul Albab ma Shehu ya yi wa malaman zamaninsa tatas, masu tara almajirai a zaure don neman suna, matansu da 'ya'yansu na ciki ba su san hukuncin alwala ba. Yayar Asma'u, Hadiza, ta mayar da Muhtasar na Halil zuwa Fulatanci, littafin fiƙihun da ko ƙasurguman malamai sai sun yi gumi kafin su sauke shi. Mijinta Malam Tafa magatakardan Shehu ne, ɗansu kuwa shi ne Abdulƙadir ɗan Tafa, masanin da Bature Barth ya yaba wa iliminsa da ya zo ƙasar Sakkwato a 1853.

Asma'u tana da shekara 11 aka yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu, a watan Fabrairun 1804. An bar ɗakuna da rumbuna, amma ba a bar littattafai ba. Wani malami Ba'abzine, Agali, ya kawo raƙuma aka ɗora su. Daga nan yarinyar ta ga yaƙin Tabkin Kwatto, ta ga na Tsuntsuwa inda aka rasa mahaddata Alƙur'ani wajen 200 a rana ɗaya, ta ga yunwa da tafiyar ƙasa har faɗuwar Alƙalawa a 1808. Mahaddaci 200 a zamanin da babu injin ɗab'i, ɗakin karatu ne guda ya ƙone. Wadda ta tashi a haka ba sai an gaya mata darajar takarda ba.

Ita takardar ma baƙuwa ce. Daga Italiya ake yin ta, a sauke a Tarabulus ko Masar, ta keto Sahara a bayan raƙumi. Idan aka ɗaga falle ɗaya aka duba a hasken rana sai a ga tambarin jinjirin wata guda 3 a jere, kuma Barth ya tarar da irinta a kasuwar Kano a 1851. Abin da ya sha irin wannan tafiya ba a ɓarnatar da shi, shi ya sa ake fara tsara magana a allo, a gyara, a wanke, sai ta nuna sannan a hau takarda. Tawadar allo ta gawayi da ƙaro ce, ruwa na taɓa ta ta tafi. Ta takarda kuwa ana jiƙa bagaruwa da kashin maƙera, a tace, a sa ƙaro, ta kama falle ta zauna shekara ɗari biyu. Akwai ja don wasali da kan babi. Alƙalamin na kara ne, a fiƙe da wuƙa, ya dakushe a sake fiƙewa. Ba a ɗinke littafi. Fallayen a sake suke, sai mai rubutu ya sa kalmar farko ta shafi na gaba a ƙasan wanda ya gama, don in iska ta watsa su a iya mayar da kowanne gurbinsa. A haɗa su cikin tadarishi, a ɗaure da tsirkiyar fata, a zura a gafaka da dukawa suka ɗinka da jar fatar akuya, a rataye a bango nesa da gara da ɓera. Wannan sakin fallaye yana da amfani da ba a cika lura da shi ba: littafi ɗaya ana iya raba shi ga mutum biyar su kwafa a lokaci guda.

Bayan rasuwar Shehu a watan Afrilun 1817, Asma'u na cikin waɗanda suka ɗauki nauyin tattara abin da ya bari, a tantance, a jera. Littattafan sun sha hijira da yaƙi, sun zauna a Gwandu da Sifawa kafin Sakkwato. Aiki ne da sai wanda ya san Larabci da Fulatanci da Hausa, ya kuma san salon mai maganar. Ga shi tun 1807 tana auren Giɗaɗo ɗan Laima, aminin Bello kuma wazirinsa. Gidan waziri shi ne inda wasiƙun daula suke shiga suke fita, daga Kano, daga Zazzau, daga Bauchi, daga Borno. Ƙofar ɗakinta, a taƙaice, tana kallon mahadar takardun ƙasa. Littafinta na farko da aka sani, Tanbihul Gafilina, da Larabci ta rubuta shi a 1820.

Kyautar littafi tsakanin manya abu ne da fadar Bello ta sani. Baturen Ingila Clapperton, wanda Giɗaɗo ya yi wa masauki a 1824, ya koma Landan da taswirar da aka zana masa a Sakkwato da wani yanki na Infaƙul Maisuri na Bello, aka fassara aka buga a 1826. Da ya dawo karo na biyu ya kawo wa Bello littattafai na Larabci, ciki har da na lissafin Iƙlidis da na Ibn Sina, Bello ya ce masa suna da Iƙlidis a da, gobara ce ta cinye shi. Wannan musaya ta maza an rubuta ta a littattafan Turawa, duniya ta karanta. Wadda ta fi ta yawa, ta kuma fi ta daɗewa, tana gudana ne tsakanin fada da cikin gida, ba baƙon da ya gan ta.

Misalin da ya fi kowanne armashi shi ne na wajen 1836. Bello ya rubuta wani littafi da Larabci da ake kira Kitabun Nasiha, ya tara labaran mata salihai tun daga iyayen muminai, matan Annabi (SAW), da 'ya'yansa, zuwa Rabi'atul Adawiyya ta Basra da Sayyida Nafisa ta Masar da sauransu. Littafi ne a kan mata, amma matan da aka yi dominsa, galibinsu ba sa jin Larabci. Sai ya miƙa wa Asma'u. Ta narkar da zuben ta ƙera shi waƙa da Fulatanci, a 1837 ta fitar da ta Hausa, wadda aka sani da Tawassuli ga Mata Masu Albarka, daga baya kuma aka samu ta Larabci. Ba ta tsaya ga fassara ba. Da ta gama da matan Basra da Masar da Sham, sai ta juyo gida ta jero matan jama'ar Shehu a sahu ɗaya da su: matan Shehu, ciki har da Inna Garka mahaifiyar Bello, da malamai irin su Joɗa Kawuri da 'Yar Hindu da Habiba, matan da masu sauraron waƙar sun san ƙofar gidajensu, wasu ma sun yi karatu a gabansu. Sarki ya ba da littafi ɗaya da harshe ɗaya, ya dawo da harsuna uku, ga kuma mutanen garinsa a ciki. Macen da ke daka a Wurno ta ji an ambaci malamar unguwarsu daf da Rabi'a, ai ba sai an yi mata dogon wa'azi ba.

A nan yana da kyau a leƙa waje, don ba a Sakkwato aka fara ba. A Ƙairawan ta ƙasar Tunisiya, a 1020, Fatima mai renon Sarki Mu'izzu ɗan Badis ta sa aka rubuta wani ƙaton Alƙur'ani a kan fata ta yi waƙafinsa ga babban masallacin garin, kuma wata mace, Durratul Katiba, ita ta kula da aikin. Har gobe sunansa Mus'hafin Mai Reno. A Ƙurɗuba, Lubna ta yi wa Halifa Hakam na Biyu magatakarda, masu tarihin Andalus kuma sun ruwaito cewa a unguwa ɗaya ta gabashin birnin akwai mata 170 masu kwafar Alƙur'ani. A Faransa, wajen 1414, Christine de Pizan ta tattara rubuce-rubucenta a kundi ɗaya mai zane-zane ta miƙa wa Sarauniya Isabeau, kuma kundin yana babban ɗakin karatu na Birtaniya a Landan. A Ingila, Elizabeth ta Ɗaya tana 'yar shekara 11, a ƙarshen 1544, ta fassara wani littafi da hannunta ta yi wa bangon ado da zare ta ba matar ubanta Katherine Parr kyautar sabuwar shekara. Bayanta Esther Inglis, wadda ta rasu a 1624, ta yi ta rubuta 'yan ƙananan littattafai da salon rubutu iri-iri tana aika wa Elizabeth ɗin da gidan Sarki James.

Galibin waɗannan na Turai kyauta ce ta neman shiga. Christine bazawara ce mai 'ya'ya da take ci da alƙalaminta, Esther kuma ta mutu da bashi a kanta duk da kyan hannun. Dole littafin ya yi ƙyalli, don ƙyallin ne zai sa a tuna da mai kawowa. Takardun Asma'u ba ruwan zinari a jikinsu, baƙar tawada ce da ja a kan farar takarda. 'Yar Shehu ce, ƙanwar sarki, matar waziri, daga baya kuma uwar waziri, tunda ɗanta Abdulƙadir ya gaji kujerar. Ba ta neman abin da fada za ta ba ta. Shi ya sa ta iya sa wa masu mulki a hannu abin da bafade ba zai kuskura ba.

A duba Tabbat Haƙiƙa. Shehu ne ya yi ta da Fulatanci, Asma'u ta mayar da ita Hausa a 1831, ƙanenta Isa ya yi mata tahamisi. Waƙar tana bin masu iko ɗaya bayan ɗaya: sarkin da ya ci amanar talakawa, alƙalin da ya karɓi toshiya, mai ƙwace gonar wani, mai tauye mudu, tana faɗa wa kowa makomarsa ba rufa-rufa. A lura da shekarar. Waɗanda ke bisa karagu a 1831 mutanen jihadi ne da 'ya'yansu, ba sarakunan da aka kora ba. Fitar da wannan gargaɗi daga harshen tsirarun malamai zuwa harshen kasuwa, a daidai wannan lokaci, mayar da sandar ce hannun talaka, ya auna sarkinsa da maganar Shehu.

Bello ya rasu a Wurno a 1837. Asma'u ta yi masa marsiyya da Fulatanci da kuma Larabci, sannan a 1838 ta yi wata waƙa daban, Gikku Bello, wato halin Bello: iliminsa, tsoron Allahnsa, kamewarsa daga dukiyar jama'a, tsayuwarsa a kan iyaka. Lokacin magajinsa Abubakar Atiku ne ke sarauta. Yabon wanda ya tafi, idan aka jera shi dalla-dalla a kunnen wanda ya gada, kowa ya san inda aka dosa. A waɗannan shekaru ita da Giɗaɗo suka duƙufa kan rubuta tarihin abin da suka gani da idonsu. Shi ya yi Raudul Jinan da zube, ita ta yi Filitago da waƙa a 1839, wadda Isa ya mayar Hausa aka san ta da Waƙar Gewaye. A shekarar dai ta rubuta Tabshirul Ikhwan da Larabci a kan neman waraka da ayoyin Alƙur'ani. Da ɗan Bello, Aliyu Babba, ya hau a 1842, gwaggonsa ta ci gaba da bin yaƙe-yaƙensa da Mayaƙi Sarkin Gobir da waƙoƙin addu'a da murna, a 1856 kuma ta koma baya ta tsara labarin yaƙin Gawakuke na 1836, inda Sarkin Gobir Ali da Rauda na Maraɗi suka faɗi. Mai karatu na Tsibirin Gobir ko Maraɗi yana da ikon ya ce labarin ɓangare ɗaya ne, kuma gaskiyarsa. Alƙalaminta na daular gidansu ne, ba ta taɓa ɓoye haka ba.

Sai dai alƙalamin da ya yi wa Sarkin Musulmi marsiyya shi ne ya yi wa Halima maƙwabciyarta a 1844, ya yi wa Hawa'u, ɗaya daga cikin jajinta, a 1858. Takardun ba fada kawai suke hawa ba, suna gangarawa ƙauye. Ta zaɓi dattawan mata amintattu ta naɗa su jaji, ta ɗora wa kowacce malfa da jan ƙyalle. Malfar nan alamar Innar Gobir ce, shugabar 'yan bori, Asma'u ta ɗauke ta ta sauya mata aiki. Jaji ta taso daga ƙauyensu da ayarin tsofaffin mata da 'yan mata, a ƙasa, ɗauke da hatsi da zuma da man shanu da sawaye na sadaka, su sauka a gidanta. Ta raba kayan ga mabukata, su kuma su koma da waƙa a ka: sunayen surorin Alƙur'ani a jere, hukuncin salla, siffofin Annabi, tsoron ranar hisabi. Su ne 'Yan Taru. Inda takarda ta yi tsada, ƙwaƙwalwar mace ta zama falle.

Asma'u ta rasu a 1864, aka binne ta kusa da mahaifinta a Hubbare. Ƙanwarta Maryam ta karɓi ragamar 'Yan Taru, kuma ta nan zaren ya kai Kano. Maryam ta auri Sarkin Kano Ibrahim Dabo, bayan rasuwarsa a 1846 ta koma Sakkwato, amma gidan Dabo bai daina ɗaukar ta uwa ba. A shekarun 1880 labarin Mahadin Sudan ya girgiza ƙasar, Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Bello, ya yi masa mubaya'a daga Adamawa, mutane suka fara tattara komatsai suna yin gabas. Maryam, tsohuwa a lokacin, ta rubuta wa Sarkin Kano wasiƙa a kan lamarin, ta kafa hujja da abin da ta ji daga mahaifinta cewa lokacin wannan hijira bai yi ba. Magana ce ta a bar gari ya watse ko a riƙe shi, kuma takardar da aka dogara da ita daga ɗakin mace ta fito.

Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903. Sarkin Musulmi Attahiru ya yi gabas har Burmi inda ya yi shahada, Waziri Buhari kuwa ya zauna da jama'ar da ta rage, gafakokin gidan Giɗaɗo suka zauna tare da shi. Ɗansa Junaidu, wanda ya yi waziri daga 1948 har rasuwarsa a 1997, shi ya riƙe su. Boko ya zo, aka shiga koya wa yara tarihin jihadi da sunayen maza uku, Shehu da Abdullahi da Bello, alhali tsofaffin mata a ƙauyukan Sakkwato suna rera waƙoƙin Nana ba su fasa ba. Wata Baturiya malamar makaranta, Jean Boyd, wadda ta zo Nijeriya a 1955, ita ce Waziri Junaidu ya buɗe wa gafakar. Ta shafe shekaru tana bin fallayen tare da malaman Sakkwato masu Fulatanci da Larabci, ta fitar da tarihin Asma'u a 1989, sannan a 1997 ita da Beverly Mack suka buga ayyukanta kimanin 60 a kundi ɗaya a Amurka. An yi aiki, ba a musu. Amma kundin da Turanci aka yi sharhinsa, kuma jikokin 'Yan Taru kaɗan ne suka taɓa riƙe shi.

Abin da ya tsira, ya tsira ne don gida ɗaya ya rataye gafakarsa inda gara ba ta kai ba. Akwai irin waɗannan gafakoki a gidajen malamai a Gwandu da Zariya da Katsina da Damagaram, akwai waɗanda fatake suka tafi da su Kumasi da Yawunde, har inda Hausawa suka kai a Gabon. Mai karatu, in akwai ɗaya a ɗakin kakarka, kada ka bari damina ta sake wucewa a kanta. A sauke ta, a kaɗe, a ɗauki hoton kowane falle da waya, a nuna wa masana a Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, ko Gidan Arewa a Kaduna, ko jami'ar Yamai. In an zo shafin ƙarshe, inda mai rubutu yake sa sunansa ya roƙi gafara, a karanta a hankali, a ga ko ɗan wane aka rubuta ko 'yar wane.